Yadda Ake Maganin Dodon Koɗi Masu Ɓarna a Tankin Murjani na Ruwan Gishiri

Duk wanda ya riƙe tankin murjani ya kai shekara, da wuya a ce bai taɓa haska tocila da dare ya ga dodon koɗin da bai saya ba. A jikin dutse mai rai, wato dutsen da ke ɗauke da ƙananan halittun teku, suke shigowa, ko a gindin reshen murjanin da ka sayo, ko manne da kwanson kawa. Galibinsu ba su da laifi, gansakuka da ragowar abinci suke ci, shara ma suke taya ka. Kaɗan ne miyagu, sai dai kaɗan ɗin sun isa su tsotse kawar da ka shekara uku kana reno, ko su hana murjani buɗewa har ya mutu a tsaye.

Bari in rage maka wahala tun yanzu: babu maganin da za ka tsiyaya cikin tanki ya kashe dodon koɗi ya ƙyale murjani. Maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe, wanda ake ba kifi a tankin jinya, tabbas yana kashe su, amma tare da murjani da jatan lande da ƙaguwa da kawa zai tafi. Dutse da yashi kuma suna shanye shi, su riƙa sako shi kaɗan-kaɗan har bayan watanni. Garin neman gira sai ka rasa ido. Wannan aiki na hannu ne da ido da naci. Na yi shi a tankuna manya da ƙanana, ga yadda nake bi.

Kayan aiki

- Tocila mai jan haske. Yawancin masu ɓarnar da dare suke fitowa, farin haske kuma yana korar su. In babu, ka rufe bakin tocilarka da jar leda mai shara-shara ka ɗaure da roba.
- Gilashin ƙara girman abu. Kyamarar waya ma tana yi, ka ɗauki hoto ka buɗa shi.
- Dogon hantsaki na ƙarfen da ba ya tsatsa.
- Filaya mai siririn baki, ko almakashin yankan ƙashi irin wanda masu murjani ke yanka reshe da shi. In duka babu, tsaftataccen sukudireba mai faɗin baki zai yi. Ka wanke shi da ruwan daɗi bayan aiki, ka tabbata babu maiko a jikinsa kafin ya shiga tanki.
- Sufa gulu mai kauri, na jel. Ka duba jikin kwalin ka ga an rubuta cyanoacrylate, shi ne wanda ke daskarewa cikin ruwa kuma ba ya cutar da tanki.
- Sabon buroshin haƙori mai laushi, wanda man goge baki bai taɓa taɓawa ba.
- Siririn tiyo da bokiti, da babban sirinji mara allura.
- Farar roba guda uku masu ɗan zurfi. Fara nake so domin abin da ya faɗo ya fito fili.
- Maganin tsoma murjani, irin su Coral Rx ko Revive, ko aidin ɗin da ake kira Lugol.
- Safar hannu mai kauri da tabarau na kariya.
- Ruwan gishiri da ka haɗa tun jiya, kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan tankinka, gishirinsa 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafinsa daidai da na tanki, wato wajen digiri 25 a ma'aunin Salshiyas.

Safar hannu da tabarau ba ado ba ne. Murjani masu laushi na dangin Palythoa da Zoanthus wasunsu na ɗauke da dafin palytoxin, wanda ke cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani. Yana shiga ta ciwo, ta ido, ta baki, da ta numfashi. Kada ka kuskura ka tafasa dutsen tanki, ko ka zuba masa ruwan zafi, ko ka kankare shi a busashe cikin ɗaki. Tururin kaɗai ya kwantar da gidaje sukutum a asibiti. Idan ka yi aiki da irin wannan murjani sai ka ji zazzaɓi, ko ƙirji ya riƙe, ko ɗaci kamar na ƙarfe a baki, ka tafi asibiti ka gaya musu abin da ka taɓa.

Mataki na 1: Ka san da wa kake faɗa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kisan wanda bai ji ba bai gani ba. Ni ma na yi shi a farkon farawata: dare biyu ina tsince wasu mitsi-mitsin dodon koɗi daga gilashi ina murna, ashe Collonista ne, masu share mini gansakuka kyauta.

Ka bari fitilar tanki ta mutu da awa ɗaya ko biyu, ɗakin ya yi duhu, sannan ka zo da jar tocila. Ka duba gindin kowane murjani, ƙarƙashin kawa, bayan manyan dodon koɗinka masu shara, da lungunan duwatsu. Inda ka sami abu ya fi kamanninsa ba da labari. Wanda ke yawo a gilashi da dutse, kiwo yake yi. Wanda kullum a jikin wata halitta ɗaya kake samunsa, cin ta yake yi.

Ga waɗanda ake yawan karo da su.

Mai bututu, na dangin Vermetidae. Ba za ka ce dodon koɗi ba ne, domin ba ya tafiya. Yana ƙarami yake manna kwansonsa a dutse, ya naɗe gindinsa, sannan ya miƙo wani bututu mai tauri kamar ƙaya, ruwan ƙasa ko ja-ja ko fari. Daga bakin bututun yake sako zaren yauƙi kamar saƙar gizo-gizo, ya kama ƙurar abinci, ya janye ya haɗiye. Ba ya cizon murjani, amma zaren na bi ta kan naman murjanin dare da rana, ya hana shi buɗewa, ya ƙwace masa abinci. In kana shakka, ka hura dutse da sirinji har ƙura ta tashi, ka jira minti biyar: zare zai bayyana daga kowane bututu. Tsutsar bututu kuwa, wadda ba ta da illa, wani kambi take fitarwa kamar gashin tsuntsu, ta zuƙe shi da sauri idan inuwa ta gifta. Ƙananan fararen naɗe-naɗen nan da ke manne a gilashi su ma tsutsotsi ne, ka ƙyale su.

Ɗan fari mai tsini, na dangin Pyramidellidae. Bai kai ƙwayar shinkafa ba, milimita 2 zuwa 6. Yana da dogon baki da yake soka wa babbar kawa ta Tridacna, ko dodon koɗi masu shara irin su Astraea da Turbo, ya tsotse ruwan jikinsu. Da rana yana ɓuya ƙarƙashin kawar ko cikin yashi, da dare ya hau har leɓen kwanso.

Heliacus, mai cin Zoanthus. Kwansonsa zagaye ne, a ɗan baje, da ɗigo-ɗigon baƙi da fari a jere. Babbar shaidarsa murfin bakinsa: in ka juya shi za ka ga murfin da tsini kamar bakin ƙusa. Na Collonista a shafe yake, zagaye, fari.

Akwai kuma Drupella da Coralliophila masu cin naman murjani mai tauri irin su Acropora su bar farin ƙashi, da Epitonium mai kwanso kamar matakalar bene wanda ke cin murjanin Tubastraea da makamantansa, da wasu mafarauta masu kama da Nassarius (dodon koɗi mai amfani, mai cin ragowar abinci) waɗanda ke kashe kawa da sauran dodon koɗi. Stomatella, mai ɗan guntun kwanso a baya da saurin gudu, abokinka ne. Wanda duk ka kasa ganewa, ka sa shi a roba da ruwan tanki, ka ɗauki hotonsa sama da ƙasa, ka bincika kafin ka yanke hukunci. In kuwa ka ga mai kwanso kamar mazurari, mai santsi da zane mai kyau, da hantsaki za ka ɗauke shi: dangin Conus suna harbi, dafin wasunsu na kisa.

Mataki na 2: Ka rage abin da ke yawo cikin ruwa

Wannan saboda mai bututu ne, kuma shi ya kamata ya riga fasa bututun da ke mataki na gaba. Ba ya zuwa neman abinci, ruwa ke kawo masa. Tankin da ake barbaɗa wa garin abincin murjani kullum, gona ce a wurinsa. Ka fasa ɗari yau, wata ɗarin ta tsiro kafin wata ya ƙare.

Ka dakatar da garin abincin murjani na mako huɗu zuwa shida. Murjanin da lallai sai an ba shi, ka kashe famfo ka ba shi a baki da sirinji. Daskararren abincin kifi ka narkar da shi, ka tace, ka zubar da ruwan. Ka ba kifi abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Jakar tace ruwa ka riƙa canza ta duk kwana biyu ko uku, ka wanke kofin injin kumfa, wanda ke tsame datti daga ruwa, ya riƙa aiki sosai. Kafin kowane canjin ruwa ka hura duwatsu da sirinji, dattin ya tashi, ka zuƙe shi.

Kada kuma ka wuce gona da iri. In naitiret da fosfet, sinadaran da datti ke bari a ruwa, suka sauka har ma'auni ya daina ganinsu, murjani zai koɗe, wata ƙazamar gansakuka mai yauƙi da kumfa ta samu ƙofa, kuma ta fi mai bututu wuyar kora. Ka riƙa aunawa duk mako.

Mataki na 3: Fasa masu bututu, ko toshe su

A nan hannu zai sha aiki. Ka sa safar hannu, domin bututun yana yanka kamar reza, ciwon da ruwan tanki ya shiga kuma yana saurin rurucewa.

Ka kashe famfunan da ke kaɗa ruwa. Ka ta da tiyo ya fara zuƙo ruwa zuwa bokiti, ka riƙe bakinsa dab da inda za ka fasa. In da mai taya ka, ya riƙe tiyon. Dalili shi ne macen tana renon ƙwanta cikin bututu, 'ya'yan su fito su rarrafa su manne kusa. In ka fasa ka bar ɓaraguzan suka watsu, shuka ka yi.

Ka bi bututun da ido har gindinsa, inda ya naɗe ya manne da dutse. Nan dabbar take. Da ta ji motsi can take komawa, don haka wanda ya karya tsinin kawai ya kashe maciji bai sare kai ba, cikin 'yan kwanaki za ta sake gini. Ka kama naɗin gindin da filaya ka murƙushe har ka ji ƙaras, ko ka sa bakin sukudireba ƙarƙashinsa ka ɓamɓare shi ɗungurungum. Ka ga ɗan nama ya fito, tiyo ya ɗauke, sannan ka wuce na gaba.

Dutsen da ke ɗaguwa, ka fito da shi ka yi aikin a roba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Minti goma a waje ba ya yi wa dutse mai rai komai in kana yayyafa masa ruwan tanki. Ka ɗauraye shi a roba ta biyu kafin ya koma.

Wanda ya shige rami, ko ya tsiro tsakiyar murjani inda filaya za ta yi ɓarna, toshe shi za ka yi. Ka karya tsinin ya gajarce, ka ɗiga sufa gulu ya rufe bakin ruf. A cikin ruwa gulun yakan yi fata nan take ya ƙi kamawa, saboda haka ka ɗiga shi a kan tsinke, ka kai, ka danna kana murzawa har fatar ta fashe ya kama. Ka bar ko 'yar ƙofa, zai sako zarensa ta nan. Bayan kwana uku ka dawo ka duba, domin wani yakan huda ta gefe. In gulu ya ƙare, ƙullin efoksi na tanki yana yi, sai dai yana sa injin kumfa ya yi ta ambaliya na kwana ɗaya ko biyu.

Kada ka ce sai ka gama tanki a zama ɗaya. Ka raba shi gida huɗu, kowane zama gida ɗaya, kuma ka fara da waɗanda ke dab da murjani. Ruwan da tiyo ya zuƙe ka mayar da madadinsa daga wanda ka haɗa jiya.

Sai wurin da kowa ke mantawa: akwatin da ruwa ke malalawa, tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban tanki, cikin bututun ruwa da jikin famfuna. Duhu ne, ruwa na gudu, abinci na wucewa, babu mai damunsu. Sau da yawa mutum na ta fama a gaban gilashi, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Ka ciro famfo ka jiƙa shi awa uku ko huɗu cikin binega da ruwa rabi da rabi, ko ruwan sitirik asid, bututun zai yi laushi ya goge. Ka ɗauraye sosai kafin ka mayar.

A tankin da ya daɗe, ban cika ganin an ƙarar da mai bututu ƙarƙaf ba. Abin da ake nema shi ne su yi ƙaranci, kuma kada ko ɗaya ya zauna kusa da murjani. Wanda ke can bayan dutse shi kaɗai, ni ba na hana kaina barci a kansa.

Mataki na 4: Ceto kawa daga 'yan farare

Waɗannan kam ba a yi musu sassauci, ƙaramar kawa ba ta jure su. Alamar farko ita ce kawar ta daina baje naman bakinta kamar da, ko ka ga wasu wurare sun koɗe, ko ta riƙa hangame baki. In ta kai ga hangamewa, an makara ƙwarai.

Ka cika roba biyu da ruwan tanki. Ka ɗago kawar a hankali. In ta kama dutse da zaren gindinta, kada ka fizga, domin in ka yaga naman da ke fitar da zaren ka kashe ta da hannunka. Ka ɗago ta tare da dutsen, in kuma ba zai yiwu ba ka sa reza ka yanke zaren ta can jikin dutse, nesa da kawar.

Ka taɓa ta ta rufe bakinta, ka juya ta cikin roba. Ka duba ramin gindi inda zaren ke fitowa, da ƙarƙashin kowane faifai na kwanson, musamman Tridacna irin squamosa da maxima masu faifai da yawa. Ka tsince duk wanda ka gani da hantsaki. Sannan ka nemi ƙwai: wani ɗan dunƙulen yauƙi ne garai-garai manne da kwanso, sai ka karkata shi ga haske kake ganinsa. Ƙwan nan su ne asalin yaƙin. Ka goge kwanson duka da buroshi, lungu-lungu, amma kada buroshi ya taɓa nama ko ya shiga ramin gindi. Ka ɗauraye a roba ta biyu.

Kafin ka mayar da ita, ka zuƙe yashin da take zaune a kai, da na kewaye kamar faɗin tafin hannu, ka zubar. Ka ɗora ta a kan wani faffaɗan dutse ko ƙaramin faranti domin ta rabu da yashi, kuma gobe ka ɗago ta ba wahala. Da ta shiga ruwa ka juya ta sau biyu ko uku iskar da ta shige ta fita.

Ka maimaita duk kwana biyu ko uku. Zama na biyu da na uku za ka ga kamar an gama, daga nan ƙwan da ka tsallake su ƙyanƙyashe. Ni ba na dainawa sai na yi wata guda cur ban ga ko ɗaya ba, kuma ina rubuta adadin da na cire a kowane zama, domin ƙwaƙwalwa tana yi wa mai gajiya ƙarya. Kawa ta farko da na rasa, a mako na biyu na sallami kaina.

Ka bi Astraea da Turbo ɗinka ɗaya bayan ɗaya ka yi musu haka, ka fi duba kewayen bakin kwanso. Kada ka tsoma kawa ko dodon koɗi mai amfani cikin maganin murjani. Danginsu ɗaya da wanda kake son kashewa, abin da zai taɓa shi zai taɓa su.

Mataki na 5: Masu cin murjani

Waɗannan sun fi sauƙi, domin suna da ɗan girma kuma ba sa yaɗuwa kamar na baya. In ka ga wani yanki na Zoanthus ya rufe kwana da kwanaki alhali na gefensa a buɗe, ka fito da shi ka taɓa kawunan su tsuke, ka duba tsakaninsu da ƙarƙashin shimfiɗar naman da ta haɗa su. Heliacus yakan lafe a nan kamar tsakuwa. Hantsaki, roba, shi ke nan. Drupella da Coralliophila a gindin rassa suke taruwa, daidai iyakar farin ƙashi da nama mai rai. Epitonium yakan bar jerin ƙwai kamar ɗan carbi kusa da inda yake ci, ka kwashe har da su. Ka sake zagayawa dare uku a jere, sannan sau ɗaya a mako har wata guda.

Mafarauci mai kama da Nassarius kuwa tarko ake ɗana masa. Nassarius na gaskiya cikin yashi yake binne kansa, ya ɓullo da gudu in ya ji ƙanshin abinci. Mugun ya fi zama a kan dutse, tafiyarsa a hankali, kuma za ka same shi a kan kawa ko kan wani dodon koɗi. Ka sa ɗan guntun ɗanyen jatan lande cikin ƙaramar kwalba, ka kwantar da ita jikin dutse bayan fitila ta mutu, ka dawo bayan awa biyu. Masu amfani ma za su shiga, ka tantance ka sake su. Kada naman ya kwana a tanki.

Mataki na 6: Tsomawa a magani

Ka san iyakar abin da tsomawa ke yi. Tana gigita ƙananan halittu su saki murjani su faɗo. Ba ta kashe ƙwai, kuma dodon koɗi mai murfi yakan ja ƙofarsa ya rufe har a gama. Mai bututu ko a jikinsa. Taimako ce ga hantsaki, ba ta maye gurbinsa.

Ka jera roba uku da ruwan tanki. Ta farko ka sa magani daidai yadda aka rubuta a kwalbar, ka kuma kiyaye mintunan da aka ce da agogo a hannu, yawanci tsakanin 5 da 15 ne gwargwadon maganin. Kana jira kana hura murjanin da sirinji ta kowane gefe. Ka ɗauraye a ta biyu, ka sake a ta uku, sannan ya koma. Ruwan magani ko ɗigo kada ya shiga tanki. Ƙara yawan magani don a yi sauri ƙona murjani yake yi. Bayan mako guda ka sake, saboda abin da ya ƙyanƙyashe a tsakani.

In babu magani, Zoanthus yana jure tsomawa ta minti biyu zuwa uku cikin tataccen ruwan daɗi mara kilorin, mai zafi daidai da na tanki. Shi kaɗai na yarda a yi wa haka. Acropora da sauran masu tauri ruwan daɗi yana hallaka su.

Mataki na 7: Masu taya ka farauta

Kowa yana son a ce masa ga kifin da zai saya ya huta. Suna taimakawa, amma bayan ka yi naka.

Ɗan kifin nan mai layi shida, Pseudocheilinus hexataenia, yana tsintar 'yan farare, haka ma Halichoeres melanurus da rawayan nan Halichoeres chrysus. Matsalar ita ce su da rana suke kiwo, abin farautar kuma da dare yake fitowa, don haka ragewa suke yi kawai. Mai layi shida in ya girma yakan zama ɗan tasha, ya addabi duk kifin da ya shigo bayansa, kuma kamo shi daga tanki mai duwatsu sai an rushe ginin. Halichoeres cikin yashi suke kwana, suna buƙatar yashi mai laushi da zurfinsa ya kai santimita 5, da tankin da ya kai lita 200, kuma sukan taɓa ƙananan jatan lande da tsutsotsi masu amfani. Dukansu gwanayen tsalle ne, sai da murfi.

Ga mai bututu, ana sa wani ɗan dodon koɗi baƙi mai ratsin rawaya, Engina mendicaria. A wani tankin na ga ya rage ƙananan sosai, a wani kuma ko kallonsu bai yi ba. Mai cin nama ne, in ya rasa abin da kake so ya ci zai juya kan tsutsotsin yashi da ƙananan dodon koɗi. Ka fara da kaɗan ka gani.

Mataki na 8: In dutse ya fi ƙarfin filaya

Wani dutsen za ka ga ya koma kamar bushiya. Irin wannan fitar da shi ake yi. Ka ɓamɓare murjanin da ke kansa, ka tsabtace gindinsu, ka manna su a sabon wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shanya dutsen a waje mako biyu ko uku ya bushe ƙayau, ka kankare bututun da buroshin ƙarfe yana jiƙe, sannan ka jiƙa shi cikin ruwan gishiri a bokiti dabam kana canza ruwan har ma'aunin amoniya, gubar da ruɓewa ke saki a ruwa, ya nuna sifili.

Masu gaggawa suna wanke shi da asid ɗin haidurokulorik, kashi ɗaya cikin kashi goma na ruwa, na minti 10 zuwa 15, ya cinye fatar dutsen har da bututun. In za ka bi wannan hanya, a fili za ka yi, da safar hannu da tabarau. Ruwa ake fara zubawa, sannan asid a kansa, ba a juyawa. Ka kashe ƙarfinsa da bekin soda har kumfa ta daina kafin ka zubar. Kada asid ya haɗu da bilic ko kusa, iskar kilorin suke fitarwa. Dutsen da Palythoa ta taɓa zama a kansa kuwa, ni ba na wasa da shi ta kowace hanya: leda biyu nake sa shi in ƙulle in jefar.

Ko wace hanya ka bi, dutsen ya zama matacce, ƙwayoyin da ke tace amoniya sun tafi. Kada ka fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na duwatsun tanki a lokaci guda, ka bar mako uku ko huɗu kafin kashi na gaba, kana auna amoniya a tsakani.

Mataki na 9: Tsare ƙofa

Duk sabon murjani, ka raba shi da gindin siminti ko yumɓun da ya zo a kai. A nan ƙwai da 'ya'yan mai bututu suka fi ɓuya. Ka yanke reshen sama da tsohon gulu, ka tsoma shi a magani, ka duba shi da gilashin ƙara girma, ka manna a sabon gindi. Wanda ba ya ciruwa, ka kankare duk inda babu nama, ka shafe shi da sufa gulu. Sabuwar kawa da sababbin dodon koɗi masu shara su sha buroshi tun ranar farko. Ruwan ledar da aka kawo su a ciki ba ya shiga tanki.

In da hali, ka ajiye ƙaramin tankin killacewa, lita 40 ta isa, da hita da fitila da ɗan famfo, ba yashi ba dutse, domin duk abin da ya faɗo ka gan shi a ƙasa. Sabon abu ya yi mako huɗu zuwa shida a ciki kana leƙa shi da jar tocila sau biyu a mako. In babu halin tanki na biyu, ka sa shi cikin kwandon roba mai ramuka da ke rataye a gefen tanki, nesa da dutse da yashi. Bai kai killacewa ba, amma aƙalla kana iya ɗago shi ka duba gindinsa duk lokacin da ka so.

Abin da ka cire kuma, kada ka zuba shi a masai ko magudana, balle teku in kana kusa da ita. Ka ƙulle su a leda, su kwana biyu a firiza, sannan su tafi kwandon shara.